Sojan Mama Joyis da Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Tremont, Bronx
Ranar Alhamis

Zuwa ga yayan Amira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kamar yadda na bar ka ɗazu a kicin kana buɗe mini tukwane. Abin dariya ne uwa ta rubuta wa ɗanta wasiƙa alhali bango ɗaya ne tsakaninsu, har ina jin ka kana kokawa da jakarka daga nan. To amma akwai maganar da baki ba ya iya ɗauka, sai hannu ya taimaka masa. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya kai ka inda za su kai ka lafiya, ya dawo mana da kai da ƙafafunka.

Na san karatun Hausarka. Za ka bi shi ne kamar mai tafiya a kan ƙanƙarar Janairu, taku ɗaya ka tsaya ka duba. Ka bi a hankali, babu mai korar ka. Kada ka miƙa wa waya ta fassara maka, kada kuma ka ba Amira, don ita sai ta ƙara gishiri da barkono.

Ranar Lahadi muna cin tuwo, kai da cokalinka kamar kullum, ka ajiye shi ka dube ni. Ka ce da Turancinku, "Umma, ranar Asabar za a tura mu ƙasar waje. Na girma a gidan nan ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Ba fushi nake ba. So nake kawai in sani, aikin sojan nan kin sa mini albarka ne, ko haƙura kika yi?" Na miƙe na ce miya tana ƙonewa, alhali tun kafin magariba na kashe wuta. Ka san ƙarya ce, babanka ma ya sani. Ba zan bari ka hau jirgi da wannan tambaya a ƙirjinka ba. Sai dai amsar doguwa ce, kuma dole ta bi ta gidan Mama Joyis.

Kai abin da ka sani game da ita shi ne tsohuwar Baturiyar da take aiko muku da biskit mai tauri lokacin kana firamare. Kamfanin da nake wa aikin jinyar tsofaffi a gida ne ya tura ni wurinta, can Riverdale, bas biyu daga nan. Ta haura tamanin a lokacin, ta faɗi ta karye a ƙugu. 'Yar Ostireliya ce, daga wani ƙaramin gari na manoman alkama da makiyayan tumaki. Da mijinta ya rasu sai 'yarta Helen, wadda ke aiki a nan New York, ta ɗauko ta. Turancinta kuwa, makon farko rabinsa kawai nake kamawa, sauran in yi murmushi in ce to. Ita ma ta kasa faɗin Hadiza, sai ta yanke shi ta mayar da ni Diza, kuma a haka na zauna har ta bar duniya.

A makon farkon nan na yi katoɓarar da ta kusa raba ni da aikin. A kan teburin gefen gadonta akwai hoton wani saurayi cikin kaki, da hula mai faɗin baki an naɗe gefe ɗaya sama. An soka wani busasshen reshe a jikin firam ɗin, ganyensa duk ya zube a tebur. Kowace safiya in na ɗaga ta zaune, sai ta dubi hoton ta ce, "Ina kwana, Kolin." Wani lokaci idonta ya kawo ruwa. Ni kuwa ka san inda na fito. A wurinmu wanda ya rasu ana yi masa addu'a ne, ba a ajiye fuskarsa inda uwarsa za ta riƙa gani tana tayar da miki. Sai na ga ai taimako zan yi. Tana barcin rana na share ganyen na zuba a shara, na goge hoton tas, na sa shi cikin aljihun tebur na rufe. Har ina yaba wa kaina.

Da ta farka ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta dubi teburin, ta dube ni, ta ce, "Diza, ina ɗana?" Na ce mata da guntun Turancina ta yi haƙuri, ta bar shi ya huta, yawan tunawa ciwo ne. Ta ce, "An taɓa ɗauke mini shi sau ɗaya ba a tambaye ni ba. Mayar mini da shi." Na buɗe aljihun tebur na fito da hoton. Reshen kuwa ya riga ya bi shara, kuma daga baya na ji cewa daga bakin kabarinsa aka tsinko shi, wata maƙwabciyarta ta aiko mata.

Ina gaya maka wannan ne don inda za ka. Za ka kwana ɗaki ɗaya da mutanen da ba ka san abin da iyayensu suka ɗora su a kai ba. Za ka ga wani da zare a wuya, wani da tsumma a ƙarƙashin matashi, wani da abin da kai a idonka shara ne. Kada hannunka ya riga bakinka. Ka tambaya tukuna, in ma ba ka iya tambaya ba ka bar wa mutum kayansa inda ya ajiye. Kyakkyawar niyya ba ta dawo mini da reshen nan daga shara ba.

Ba ta kai ƙarata ba. Abin da ta yi shi ne ta hukunta ni da labari. Kullum ina shafa mata mai a ƙafa tana ba ni tarihin Kolin, har na san shi kamar a zaurenmu ya girma. Shi ne ɗan farinta. Yana aski wa tumaki tare da babansa, yana gyara kekunan yaran gari kyauta, kuma duk girman jikinsa in ya ga gizo-gizo sai ya kira ƙanwarsa Helen ta kashe masa. Bai nemi aikin soja ba. A zamanin yaƙin Vietnam gwamnatinsu tana zuba ranakun haihuwa ne a cikin ganga a juya, wanda ranarsa ta fito ya tafi. Tasa ta fito yana ɗan shekara ashirin. Da ta faɗi haka sai na tuna mu ma ƙuri'ar biza ce ta kawo mu Amurka, ranar da sunan babanka ya fito har kaji aka yanka a gidanmu na Kano.

Nan ma na sake yin wauta, amma wannan a fuska na yi ta. Ni sojan da na sani tun ina yarinya shi ne mai tare hanya da bindiga, wanda na gani da idona ya sa kawuna, dattijo da furfurarsa, tsallen kwaɗo a bakin titi don fitilar babur ɗinsa ta mutu. Saboda haka duk lokacin da ta ce soja sai in ɗan yamutsa fuska ban sani ba. Tsohuwar nan ido gare ta. Ta ce, "Diza, kina tsammanin da yaƙin nake alfahari? Na fita zanga-zanga a kan yaƙin nan da takalmin cocina har ƙafata ta yi bororo. Da yaron nake alfahari." Sannan ta ba ni labarin yadda ya rasu.

Suna tafiya cikin daji, abokinsa Bari ya taka nakiya. Kowa ya daskare inda yake, don inda aka binne ɗaya akwai 'yan'uwanta. Kolin an ɗan koya masa ɗaurin rauni. Ya ja ciki ya isa wurin Bari, ya ɗaure masa cinya, ya rungume kansa. Bari yana so ya lumshe ido, shi kuma ya hana shi, yana ta kiran sunansa, Bari, Bari, dube ni, Bari, gaya mini sunan karenka, har jirgi mai saukar ungulu ya zo aka ɗaga shi. A hanyar komawa wurin sauran ne Kolin ma ya taka tasa. Bayan yaƙi Bari ya zo har ƙofar gidanta da sandar guragu. Ya ce mata bai tuna zafi ba, bai tuna ƙarar jirgi ba, abin da ya tuna kawai ana kiran sunansa, shi kuma yana jin kunyar ya mutu ana yi masa magana. Bari ya yi aure ya ga jikokinsa, kuma bai taɓa fasa kiran ta a waya duk shekara ba har shi ma ya rasu.

Kai aikin jinya aka koya maka a soja, masu rauni za a riƙa kawo maka. Ka fi ni sanin allura da bandeji, ba zan koya maka aikinka ba. Amma na shekara ashirin ina juya marasa lafiya a gado, kuma ga abin da na gani: mutumin da aka kira da lambar gado daban yake amsawa da wanda aka kira da sunan da uwarsa ta sani. Duk inda aka sauke ka, ka fara da haddace sunaye, har na mai shara da mai dafa abinci. Wanda aka kawo maka a kwance, ka nemi sunansa kafin ka nemi jijiyarsa in da hali. In kuma ɗan ƙasar da aka tura ku ne, ko ma daga ɓangaren da ake faɗa da su, shi ma wata ce ta yi naƙudarsa. Mama Joyis ta taɓa sa ni na tura ta a keken guragunta zuwa wani kantin magani da wata mata 'yar Vietnam ke aiki, ba don ta sayi komai ba, sai don ta tambaye ta ko ita ma ta rasa wani. Matar ta ce yayyenta biyu. Suka riƙe hannun juna a gaban layin mutane, ni kuma na juya ina karanta kwalin sabulu kamar zan saya.

Yanzu na zo inda kake jira. Wata rana tana kallon hotonka a wayata, kana sanye da rigar makaranta haƙoranka biyu sun fita, sai ta ce, "Yaya sunansa?" Na ce yayan Amira ne. Ta ce ta gane, amma sunansa fa? Na ce shi ne babba. Ta zaci Turancin ne ya gagare ni, ta riƙa maimaitawa a hankali kamar mai koya wa aku magana. Da na ga ba mafita sai na yi mata bayani. Na ce a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, kunya ce. Kai kuma naka ƙulli biyu ne, don sunan mahaifin babanka aka sa maka, kuma mace ba ta kama sunan surukinta. Na ce innata har ta rasu ba ta taɓa kiran sunan babban yayanmu ba, amma in ya yi zazzaɓi ita ce ba ta iya haɗiye ko ruwa.

Ina so ka fahimci wannan da kyau, kada ka tafi kana ganin al'adarmu rashin ƙauna ce. Ban raina ta ba, kuma ba zan raina ta ba. Abincin da aka rufe ya fi daɗewa da zafi. Matan da suka raine ni ba su taɓa cewa suna son 'ya'yansu ba, sai dai su sayar da 'yan kunnensu a kai yaro makaranta, kuma in an yi maganar su ce ai ɓata suka yi. A cikinsu na tashi, da su nake tinƙaho.

Na zaci Mama Joyis za ta yi dariya, amma ba ta yi ba. Ta ce, "Mu ma muna da irin tamu." Ta ce ranar da ta raka Kolin tashar jirgin ƙasa, rabin garin na wurin. A garinsu mace ba ta kuka a tasha, ba ta rungume ƙaton ɗa a gaban jama'a. Sai ta gyara masa wuyan riga ta ce kada ya ɓatar da safarsa. Maganarta ta ƙarshe da shi ke nan, safa. Ranar da aka kawo labari tana shanya a bayan gida, ta hango wani hafsa da limamin cocinsu sun shigo, sun tsaya sun rufe ƙyauren shinge a hankali. Ta ce daga yadda suka rufe ƙyauren nan ta gane. Ta ce, "Diza, ni ban ce ki bar al'adarku ba. Amma suna ba sabulu ba ne, ba ya ƙarewa don an yi amfani da shi. Ni nawa sai da mai shi ya daina amsawa sannan na sake baki."

Na ji maganar, amma ka san uwarka da taurin kai. Na ce a raina Bature bai san kunya ba, na ci gaba da shafa mai. Alhali da ina da hankali, ai tun kafin nan an riga an ja mini kunne. Ba za ka tuna ba, kana ɗan shekara huɗu. Mun je 125th Street a Harlem ni da Hajiya Fati, maƙwabciyarmu 'yar Kumasi, muna cinikin man kaɗanya a teburin wani Basanagale. Na waiga babu kai. Ranar Asabar ce, titi ya cika maƙil. Na hango jar hularka can gaba tana nufar bakin kwalta, motoci na wucewa. Na buɗe baki, wallahi sunan ya zo har maƙogwaro ya tsaya. Abin da ya fito shi ne, "Kai! Kai yaro! Kai!" Hajiya Fati ta ture ni gefe ta ce, "Ei, 'yar'uwa! Wane kai? Harlem ɗin nan kowa kai ne!" Ta kwarara sunanka da muryarta ta masu tallar wake da shinkafa, har direban bas ya taka birki. Ka tsaya cak ka juyo, ƙafarka ɗaya a kan kwalta.

A hanyar gida tana ta yi mini tsiya, tana cewa ran da gobara ta tashi sai in tsaya neman wanda zai ara mini baki. Na yi dariya tare da ita, na isa gida na shiga banɗaki na yi kuka. Darasin a fili yake, amma sai ga shi na shekara goma sha tara ina kewaye shi. Kai kada ka yi irin nawa. Kunya ado ce, ka riƙe taka, ka girmama na gaba da kai, kada ka zama mai baki a gaba. Amma in rai ya shiga haɗari, ko naka ko na wani, ka ajiye ta ka yi magana. In ka ga babban hafsa zai yi kuskure a kan mara lafiya, ka faɗa da ladabi amma ka faɗa. In kai ne abin ya yi wa yawa, barci ya ƙaurace maka, zuciya ta cushe, kada ka ce namiji ba ya faɗi. Ka nemi wanda za ka gaya wa, ka kira babanka, ka kira ni ko ƙarfe nawa ne a nan. Sallarka kuma ka riƙe ta ko a zaune ko a tsaye, ko da takalmi a ƙafa.

Akwai ranar da mutanen ƙasarsu ke tunawa da sojojinsu da suka mutu, wajen ƙarshen Afrilu, kuma da asuba suke yi. Ana gobe sai mu toya biskit ɗin nan da ka sani, na hatsin ots da kwakwa da wani ruwan sukari mai kama da narkakkiyar mazarƙwaila. Ta ce irinsa mata ke aika wa sojoji tun zamanin kakanni, don yana wata da watanni bai lalace ba. Ita ke ba da umarni daga keke, ni ke murzawa, kullum kuma sai ta ce na cika sukari. Washegari in yi sammako in hau bas na farko. In sa mata rigarta mai kyau, in maƙala mata lambobin yabon Kolin a ƙirji ta dama, don ta ce hagu na wanda ya je da kansa ne. In tsinko reshen rozmeri, ganyen nan siriri mai ƙamshi, daga tukunyar da na saya mata don in biya wanda na zubar. Sai in tura ta bakin taga, ta yi shiru na ɗan lokaci tana kallon kogi, sannan ta faɗi sunansa da ƙarfi yadda ake kiran yaro ya shigo cin abinci.

Shekara shida na yi da ita. A ta ƙarshe mantuwa ta kama ta. Ta fara da manta ko ta ci abinci, ta manta Diza ta koma ce mini yarinya, har Helen wani lokaci sai ta gaishe ta kamar baƙuwa. Amma gaisuwar safiyar nan ba ta fasa ba, sai na ɗauka ita kam ba za ta taɓa tafiya ba. Ranar tunawar ta zo, Helen ta yi tafiyar aiki, daga ni sai ita. Na shirya ta, na maƙala lambobi da reshe, na kai ta taga, na ɗora mata hoton a cinya. Ta yi shirun, na jira sunan, bai zo ba. Ta ɗaga hoton ta ƙura masa ido ta ce, "Yarinya, wane ne wannan kyakkyawan saurayin?"

Na durƙusa a gabanta na ce, "Kolin ne, Mama. Ɗanki ne, ɗan farinki."

Ta ce, "Nawa?"

Na ce, "Naki."

Ta ce, "Yaron kirki ne?"

Sai na zauna a ƙasa na mayar mata da labarinta kaf, tumakin da kekunan da gizo-gizon, da Bari da ya ji kunyar mutuwa ana kiran sa. Tana saurare kamar yarinya ana mata tatsuniya. Da na gama ta shafa gilashin hoton ta ce, "Ashe na yi sa'a." Ni na kira mata sunan a bakin taga ranar, da ƙarfi, yadda take yi.

A bas ɗin dawowa wani tsoro ya kama ni wanda har yau bai sake ni ba. Matar da ta shekara fiye da arba'in tana kiran suna kowace safiya, ga shi ya kuɓuce mata. To ni fa, da ban taɓa ɗora naka a harshena ba? In tsufa ya zo mini da irin wannan, me zan laluba? Ta rasu kafin sanyi ya shigo, Helen ta mayar da ita garinsu aka binne ta kusa da shi, da hoton da lambobin duk suka tafi. Ni tukunyar rozmeri aka ba ni. Ita ce a tagar kicin ɗinmu, wadda Amira ta taɓa tsige rabinta ta zuba a gasasshiyar kaza na kusa cinye yarinyar nan ɗanya. Yanzu ka san dalilin faɗan. Ka kuma san abin da nake yi a tagar nan bayan sallar asuba sau ɗaya a shekara, da dalilin da nake raba biskit a benenmu ranar. Tsakanin Kolin da Mahaliccinsa ba hurumina ba ne. Ni dai na san yaro ne da ya ja ciki cikin nakiyoyi don abokinsa, kuma Helen ba ta haihu ba, ita ma girma ya kama ta, to wa zai kira sunansa in ba ni ba? In Afrilu ta same ka a can, ka ambace shi sau ɗaya, ko a zuciya.

Ranar da ka zo ka ce ka sa hannu a aikin soja, na yi shiru na kwana uku, kai kuma ka fassara shirun da fushi. Ba fushi ba ne. Na dube ka ne na ga hula mai naɗaɗɗen gefe, na ga mutum biyu suna rufe ƙyaure a hankali. Tsoro ne, kuma har yanzu ina jin sa, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ranar da kuka gama horo, da aka kira ka a lasifika ka fito kana taku, babanka yana ihu kamar an ci ƙwallo, ka ce ka hango ni a baya fuskata ba yabo ba fallasa. Ba ka ga bakin mayafina ba ne. Sai da na huda shi da haƙori don kada guɗa ta kuɓuce mini. Kolin ƙuri'a ce ta fitar da shi. Kai da ƙafarka ka je, kuma da aka ce ka zaɓa, ka zaɓi ɗaure rauni. Ina alfahari da kai. Ina alfahari da kai tun kana jan ƙanwarka zuwa makaranta cikin dusar ƙanƙara ni ina gidan wani ina wanke tsohuwarsa. Na sa maka albarka, ba haƙura na yi ba. Allah ya yi maka albarka duniya da lahira.

A jakarka, ƙarƙashin dardumar salla, akwai gwangwanin biskit da dambun nama da reshe ɗaya a cikin hankici. Ka raba biskit ɗin da abokanka, dambun kuma na san ɓoyewa za ka yi. Safa ma na sa maka guda shida, amma ba zan bari ta zama maganata ta ƙarshe ba.

Jiya na sami babanka yana shirin fita da tasi, na ce ina neman izini, zan kama sunan mahaifinsa. Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Tsohon nan ya daɗe a ƙasa, Allah ya jiƙansa, ba zai kai ki ƙara ba. Ni kaina na matsu in ji yadda zai fito." Tun daga nan nake gwadawa a banɗaki, in buɗe famfo don kada Amira ta ji. Na farko bai fito ba. Na biyu ya fito kamar na aro. Ranar Asabar a bakin ƙofa, a gaban babanka da ƙanwarka da Hajiya Fati da duk wanda ya leƙo, zan kira ka. Ka amsa mini da Hausa. In kuma murya ta ci amanata, to ga shi nan da hannuna, ka naɗe ka sa a aljihun ƙirji.

Haruna.

Haruna, ɗana, ɗan farina. Allah ya tsare ka, Haruna, daga abin da ke binne a ƙasa da abin da ke faɗowa daga sama. Allah ya sa hannunka ya zama sanadin rayuwar 'ya'yan mutane. Allah ya haɗa ka da abokan da za su kira sunanka in ka lumshe ido, ya kuma dawo da kai ƙofar nan ka buɗe mini tukwane in yi maka faɗa. Na ba Allah ajiyarka, shi da ajiyarsa ba ta ɓata. Amin.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Hadiza, uwar Haruna